Daga Shafin Jarida Zuwa Teburin Ofis: Rayuwar Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) da Fafutukar Shigar da Waɗanda Aka Bari a Baya

Tsakure

Mafi yawan nazarce-nazarcen da aka yi a kan Alhaji Abubakar Imam sun tsaya ne a kan ƙagaggun labaransa, musamman Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, alhali kuwa duka biyun ya rubuta su tun bai cika shekara talatin da haihuwa ba. Sauran shekarunsa fiye da arba'in a aikin jarida da siyasa da hukumomin ma'aikata suka ƙare. Wannan maƙala ta bi tarihin rayuwarsa ta wannan fuska, inda ta nuna cewa manufa ɗaya ce ta ratsa ayyukansa tun daga farko har ƙarshe, wato sama wa mutanen da aka bari a baya gurbi a kafar watsa labarai da kuma wuraren aiki. Maƙalar ta kuma duba iyakokin wannan fafutuka dangane da 'yan Kudu da ƙananan ƙabilu da mata.

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarun 1930, manomin da ke zaune a ƙasar Tofa ko Dawakin Tofa, cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, yana biyan haraji, yana noma gyaɗar da ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa Ikko, amma ba shi da wata kafa da zai ji dalilin abin da ake yi da shi, balle ya mayar da martani. Maganarsa ba ta isa ga hukuma sai ta bi ta kan mai unguwa da dagaci da hakimi, kuma kowane mataki yana iya zama inda za ta tsaya. Ko da ya yi karatun allo ya iya rubutun ajami, takardun gwamnati da Ingilishi ko boko ake rubuta su. Akawun da ke tashar jirgin ƙasa da na gidan waya da na kantunan Turawa kuwa galibinsu daga Kudu suka zo, domin can ne makarantun mishan suka riga suka yawaita. Jaridun da ake bugawa a Ikko ba da harshensa suke magana ba, kuma ba damuwarsa suke tattaunawa ba.

Wannan giɓi shi ne Alhaji Abubakar Imam ya shafe rayuwarsa yana ƙoƙarin cikewa. Ya fara da harshe, ya koma ga shafin jarida, daga nan ya shiga majalisa, ya kuma ƙare a hukumomin da ke ɗaukar ma'aikata da sauraren koke-koken jama'a. Idan aka kalli waɗannan matakai a jere, za a ga ba sauye-sauyen sana'a ba ne kawai, aiki ɗaya ne da ya riƙa sauya wurin zama.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu. Zuriyarsu ta malamai ce da ta samo asali daga ƙasar Barno, kuma mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne da ya yi alƙalanci. A gida ya fara karatun Alƙur'ani da littattafan addini, kuma wannan tushe na Larabci bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Kagara kuwa gari ne da Hausawa ke cuɗanya da Kamuku da Gwari da sauran al'ummun yankin, don haka tun yana yaro ya saba da zama cikin jama'ar da ba harshe ɗaya suke yi ba.

Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina kafin daga baya ya zama alƙali kuma Walin Katsina, shi ne ya ɗauke shi zuwa Katsina don karatun boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya kammala a 1932. A waɗannan shekaru ya yi zamani da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda daga baya ragamar mulkin Arewa da ta Nijeriya ta koma hannunsu. Kwalejin tana ɗaukar ɗalibai ƙalilan ne daga larduna daban-daban, kuma an san ta da tsananta koyar da Ingilishi. Saboda haka wanda ya fito daga cikinta yakan tsinci kansa a tsakiyar duniyoyi biyu: yana jin maganar Bature, yana kuma jin ta talaka, alhali su biyun ba sa jin juna. Bayan kammala karatu an tura shi Makarantar Midil ta Katsina, inda ya koyar da Ingilishi.

3.0 Shigarsa Fagen Rubutu

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida Umaru tare da East. Imam yana da shekara ashirin da biyu a lokacin. A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya na wata shida, inda ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939.

Masana sun yi bayani mai yawa a kan tushen waɗannan labarai, tun daga Maƙamatul Hariri da Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna, har zuwa tatsuniyoyin Jamus da labaran aku na ƙasar Indiya. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne yadda ya sarrafa su. Ya ɗauko labaran al'ummu nesa da kusa, ya tufatar da su da tufafin Hausa, ya zaunar da su a kasuwa da fada da zauren malam, har mai karatu ya ɗauka a unguwarsu abin ya faru. Da wannan ya tabbatar da abin da mutane da yawa suke shakka a lokacin, wato cewa Hausar boko za ta iya ɗaukar kowane irin zance, ba karatun 'yan aji ɗaya kaɗai ba. Haka kuma jigon da ya fi maimaituwa a Magana Jari Ce, inda tsuntsu marar ƙarfi ya kai matsayin waziri saboda iya magana, ya yi daidai da abin da marubucin ya yi imani da shi: wanda ba shi da sarauta ko dukiya yana iya samun wurin zama a gaban masu iko idan ya san yadda zai faɗi maganarsa.

4.0 Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a matsayin jaridar wata-wata, ana sayar da ita kwabo ɗaya, kuma Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Kafin ita akwai Jaridar Nijeriya ta Arewa, wadda ake bugawa da Hausa da Larabci da Ingilishi, amma ta fi kama da takardar sanarwar hukuma. Dalilan gwamnatin mulkin mallaka na kafa sabuwar jaridar ba ɓoyayyu ba ne. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, jita-jita ta bazu cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, ga kuma jaridun Kudu irin su West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937, sun fara shigowa hannun matasan Arewa masu ilimin boko. Hukuma tana son bakin da zai yi magana da yawunta.

Muhimmancin Imam a tarihin aikin jarida shi ne yadda ya karɓi kafar da aka kafa don hukuma ta yi wa jama'a magana, ya mayar da wani sashe nata wurin da jama'a ke yi wa hukuma magana. Ya yi haka ta hanyoyi uku.

4.1 Harshe

Ya zaɓi Hausa mai sauƙi, irin wadda ake ji a bakin kasuwa, ya guji cusa Larabcin da sai malamai ke ganewa, ya kuma guji bin ginin jimlar Ingilishi. Wannan zaɓi ba na ado ba ne. Yawancin waɗanda jaridar take isa gare su ba karanta ta suke yi ba, sauraro suke yi: mutum ɗaya da ya iya boko yakan karanta wa jama'a a dandali ko zaure, don haka dole jimla ta zama wadda kunne zai kama a karo ɗaya. Sababbin abubuwan da yaƙi da mulkin zamani suka kawo, kamar kayan faɗa da sunayen ƙasashe da tsarin majalisu, sai da aka nemo musu kalmomi ko aka yi musu bayani da misalan gida. A daidai wannan lokaci ne kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suke samun gindin zama a rubutun boko, kuma fitowar jaridar a kai a kai ta taimaka ainun wajen sabar da idon masu karatu da daidaitacciyar Hausa.

4.2 Ajami

Rubutun boko da kansa shinge ne. A karkarar Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda suka iya ajami sun ninka waɗanda suka iya boko nesa ba kusa ba, amma tsarin mulkin mallaka yana lissafa su cikin marasa ilimi. A farkon shekarun 1940 aka fara haɗa jaridar da wasu shafuka na ajami da ake kira 'Yar Gaskiya. Ƙaramin mataki ne idan aka duba girman takardar, amma ya amsa wata babbar tambaya, wato ko almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana cikin masu karatun da ake rubutu dominsu. Edita da ya tashi a gidan malamai ya fi kowa sanin amsar.

4.3 Wasiƙun Masu Karatu

Filin wasiƙu shi ne zuciyar jaridar. Malaman makaranta da akawunan En'e da sojojin da ke bakin daga da 'yan kasuwa mazauna ƙasashen maƙwabta sun riƙa aiko da ra'ayoyinsu a kan ilimi da haraji da cin hanci da auren wuri da halayyar ma'aikata. Matasan da daga baya suka zama jagororin siyasar Arewa, irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun yi amfani da shafukanta wajen bayyana tunaninsu tun kafin a kafa jam'iyyu. A al'ummar da ba a saba talaka ya ɗaga murya a gaban sarki ba, ganin sunan mutum da garinsu a ƙarƙashin ra'ayinsa, an buga an rarraba daga Sakkwato zuwa Yola, sabon abu ne ƙwarai.

Matsayin editan kuwa tsaka mai wuya ne. Turawan mulki suna sa ido kada jaridar ta zama dandalin masu tayar da ƙayar baya, sarakuna suna jin zafin duk wani suka da ya taɓa En'e, matasa masu zafin ra'ayi kuma suna ganin jaridar 'yar amshin shatar gwamnati ce. Dabarar Imam ita ce irin ta akun da ya ƙirƙiro: ya faɗi magana mai ɗaci cikin raha da karin magana da misali, yadda wanda aka yi dominsa zai gane ba tare da an kunyata shi a bainar jama'a ba.

5.0 Tafiyar Ingila ta 1943

A 1943 aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, kuma Imam ne kaɗai daga Arewacin Nijeriya. A can Azikiwe ya gabatar da wata takarda da ke neman a tsara wa ƙasashen yankin hanyar samun mulkin kai, yana kafa hujja da Yarjejeniyar Atilantika. Imam bai sa hannu ba. An daɗe ana yi masa fassarar cewa biyayya ce ga Turawa, sai dai abin da ya yi a wannan tafiya bai goyi bayan wannan fassara ba. Ya gana da Lord Lugga, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, da kuma Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya kuma rubuta wa Lugga wasiƙu yana bayyana illolin tsarin. Ya nuna cewa an tara iko a hannun sarki shi kaɗai, an bar talaka ba shi da wurin kai kuka, an kuma horar da matasa a makarantu amma ba a ba su gurbi a majalisun sarakuna ko a shawarwarin gwamnati ba, ga kuma jami'an Turawa da ba sa sauraren kowa sai fada. Waɗannan koke-koke sun kai ga Ofishin Mulkin Mallaka da Gwamna Arthur Richards.

Daga nan za a fahimci matsayinsa. Bai ƙi mulkin kai ba, abin da ya tsaya a kai shi ne tambayar wanda zai zauna a kujerun da Turawa za su bari. A ganinsa, 'yancin da ya zo alhali mutanen Arewa ba su da likitoci da injiniyoyi da akawuna, sauyin ubangida ne kawai. Labarin wannan tafiya shi ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya buɗe wa mai karatun Hausa tagar ganin rayuwar Ingila a lokacin yaƙi.

6.0 Kamfanin Gaskiya a Matsayin Wurin Aiki

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da maɗaba'arsa da gidajen ma'aikata. A 1948 kamfanin ya ƙara da jaridar Ingilishi mai suna Nigerian Citizen. Ga mai nazarin tarihin aiki a Arewa, wannan wuri makaranta ce kafin ya zama kamfani, domin a nan aka horar da rukunin farko na 'yan Arewa masu aikin fassara da tace rubutu da jera haruffa da ɗaurin littafi. Malam Nuhu Bamalli, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje kuma Magajin Garin Zazzau, yana cikin waɗanda suka yi aiki tare da Imam a wannan fage.

Ma'aikatan ba Hausawa Musulmi kaɗai ba ne. Akiga Sai, marubucin tarihin Tibi wanda East ya fassara littafinsa zuwa Ingilishi, ya yi aiki a kamfanin yana shirya jaridar Mwanger u Tiv. Da aka kafa Hukumar NORLA a farkon shekarun 1950 don tallafa wa shirin Yaƙi da Jahilci, an faɗaɗa wannan tsari zuwa jaridun larduna: Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zazzau, da Zumunta ta Bauci, da Albishir ta Barno, da Ardo ta Adamawa, da Gamzaki ta Filato, tare da wasu cikin harsunan kudancin Jihar Arewa. Ta wannan hanya ne dattijon da ya koyi baƙi da wasali a ajin manya a ƙauyukan Kano ya sami abin karantawa da ke ba da labarin lardinsa. Imam ya riƙe editancin Gaskiya Ta Fi Kwabo kimanin shekara goma sha biyu, kuma salon da ya kafa shi waɗannan ƙananan jaridu suka gada.

7.0 Siyasa da Hukumar Ɗaukar Ma'aikata

Tattaunawar da ake yi a shafukan jarida ita ta zama ƙungiyoyi. A 1948 aka kafa ƙungiyoyin da suka haɗu suka zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma Imam yana cikin shugabanninta na farko. Abin lura shi ne shugaban ƙungiyar na farko, Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, Kirista ne daga Wusasa. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa na neman gyaran tsarin En'e a Majalisar Dokokin Arewa, kuma jigon ƙudurin bai yi nisa da abin da Imam ya rubuta wa Lugga shekara bakwai kafin nan ba. A zaɓen 1951 Imam ya shiga Majalisar Dokokin Arewa daga lardin Zazzau, ya kuma wakilci yankin a Majalisar Wakilai da ke Ikko.

Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. A tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi kwamishina a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya kuma ya zama shugabanta. Wannan hukuma ita ce ke aiwatar da manufar mayar da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa, wadda gwamnatin Sardauna ta sa a gaba. Ƙa'idar ita ce a fifita ɗan Arewa da ya cancanta. Idan babu shi, a ɗauki baƙo daga waje a kan kwantaragi na ɗan lokaci, maimakon a ba ɗan Kudu aiki na dindindin, domin kujerar ta kasance a buɗe ranar da ɗan Arewa ya gama horo. Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki da ke Kongo a Zariya ita ce ke ba da wannan horo cikin gaggawa.

A cikin gida, manufar ta buɗe ƙofa ƙwarai. Ma'anar ɗan Arewa a wajen hukumar ba ta tsaya ga Bahaushe ko Bafulatani ko Musulmi ba. Yarabawan Ilori da Kabba, da Nufawa da Igala da Idoma da Tibi da mutanen Filato, waɗanda da yawansu sun riga sun yi karatu a makarantun mishan, sun sami manyan muƙamai a Kaduna. Haka nan ɗan talaka da ya ci jarrabawa ya sami hanyar hawa da ba ta bi ta ƙofar fada ba, abin da tsarin En'e bai cika bayarwa ba. Matashin da Imam ya koka a 1943 cewa an ilimantar da shi an kuma yi watsi da shi, yanzu shi ne yake zaune a gabansa ana yi masa tambayoyin ɗaukar aiki.

8.0 Iyakokin Fafutukar

Adalcin nazari ya wajabta a faɗi inda wannan fafutuka ta tsaya. Na farko, ƙofar da aka buɗe wa ɗan Arewa an rufe ta ne a fuskar ɗan Kudu. Tun a farkon 1950 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bayyana fargabar cewa 'yan Kudu ne za su gaji kujerun Turawa a Arewa, kuma irin wannan fargaba ta ƙaru bayan taƙaddamar ƙudurin mulkin kai da rikicin Kano na watan Mayu 1953. Ma'aikatan da aka ƙi tabbatarwa ko aka sallama, wasunsu a Sabon Garin Kano ko na Zariya aka haife su, ba su ga adalci a cikin manufar ba. Hujjar masu manufar ita ce giɓin ilimi da mulkin mallaka ya haifar ba zai cike da kansa ba. Wannan muhawara ba ta mutu ba, domin ita ce ta sake fitowa a matsayin ƙa'idar daidaiton wakilci a ayyukan tarayya cikin tsarin mulkin 1979.

Na biyu, bunƙasar Hausa a jarida da majalisa, wadda ta shigar da miliyoyin mutane cikin zancen ƙasa, ta zama abin tsoro ga wasu ƙananan ƙabilu da suka ga harsunansu na ja da baya. Koke-koken da aka gabatar wa Hukumar Willink a 1957 da 1958, da kuma neman jihar Tsakiyar Nijeriya, sun nuna cewa ba kowa ne ya gamsu da inuwar Arewa ɗaya ba.

Na uku shi ne batun mata. Duk da cewa an tattauna ilimin 'ya'ya mata a shafukan jaridar, maza ne suke tattaunawar, kuma maza ne suke ɗakin labarai. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970. A garin Zariya da Imam yake zaune, Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri saboda wannan buƙata, kuma hanyarta ta fito-na-fito ta saɓa wa tasa ta lallashi da gyara daga ciki. Sai a 1980, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, kusan rabin ƙarni bayan gasar 1933 wadda babu mace ko ɗaya cikin marubutanta.

9.0 Shekarunsa na Ƙarshe

Bayan rushewar Jamhuriya ta Farko a 1966, Imam ya koma harkar ɗab'i a sabon Kamfanin NNPC da ke Zariya. A tsakiyar shekarun 1970 Jihar Arewa ta Tsakiya, wato Kaduna da Katsina na yanzu, ta naɗa shi kwamishinan sauraren koke-koken jama'a, kafin gwamnatin tarayya ta kafa irin wannan hukuma a 1975. Muƙamin ya dace da shi, domin aikin da ya fara da buɗe wasiƙun masu karatu a teburin edita shi ne ya ƙare da shi, sai dai a wannan karo doka ta ba shi ikon bin kadin abin da aka rubuto.

Bai ajiye alƙalami ba duk tsawon waɗannan shekaru. Ya rubuta Ikon Allah tare da East don gabatar da ilimin kimiyya da Hausa, ya kuma rubuta littattafan addini da tarihi irin su Tarihin Annabi Kammalalle da Hajji Mabuɗin Ilmi. An karrama shi da lambobin girma na OBE da CON, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace.

10.0 Kammalawa

Rayuwar Abubakar Imam ta nuna cewa shigar da al'umma cikin harkokin ƙasa yana da matakai, kuma harshe ne matakin farko. Mutumin da ba a yi masa magana da harshen da yake ji, ba zai san akwai gurbi ba balle ya nema. Wanda kuma bai taɓa ganin ra'ayin irinsa a rubuce ba, da wuya ya ɗauka cewa kujerar ofis ta dace da shi. Wannan ne ya sa ba daidai ba ne a raba Imam marubuci da Imam ɗan jarida da Imam shugaban hukuma, kamar yadda manhajar nazarin adabi ta saba yi. Gadon da ya bari na rubuta kowane fanni da Hausa ya ci gaba a hannun waɗanda suka biyo baya, ciki har da Alhaji Bashir Usman Tofa (1947–2022), wanda ya rubuta Kimiyyar Sararin Samaniya don mai karatun Hausa.

Haka kuma rayuwarsa ta nuna cewa duk wanda ya faɗaɗa da'ira, a wani wuri yake ja mata sabon layi, kuma akwai waɗanda za su kasance a bayansa. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne komawa ga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ke ajiye a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, a tattara sharhunan edita da wasiƙun masu karatu na 1939 zuwa 1951, a tantance su wa suka rubuto, daga waɗanne garuruwa, a kan waɗanne matsaloli, da kuma su wa ba a ji muryarsu ba ko sau ɗaya. Sai an yi wannan ne za a iya auna faɗin ƙofar da Imam ya buɗe da ma'aunin da ya wuce yabo.